Godiya Ga Masu Ba Da Aro

 

Allah ya nufa na kammala binciken da ya kai ni ƙasar Hangari, kan wani kifi na kogin Danub da ake kira sitalet, ƙaramin cikin dangin sitajin na wannan kogi. Shafin godiya na kundin digiri ba ya ɗaukar dogon bayani, sunaye kawai ake jerawa a wuce. Ni kuwa bashin da ke kaina ya fi ƙarfin jerin sunaye, domin kusan duk abin da na yi aiki da shi aro ne. Na ari ilimi, na ari hannu, na ari littafin ajiyar wani dattijo, sannan uwa uba na ari alamomin gado da wasu mutane suka ƙera wa wasu kifaye dabam a wata nahiya dabam. Yaba kyauta tukwici, in ji Hausawa. Wannan shi ne nawa tukwicin.

Zan fara da malamina, farfesan da ya duba aikin, domin shi ya ɗora ni kan tambayar, kuma sai an san tambayar za a gane girman taimakon.

Sitajin dangi ne mai jinsuna kusan 27, dukkansu a arewacin duniya: Turai, Asiya da Amurka ta Arewa. Ba shi da ɓawo irin na sauran kifaye. Jeri biyar na faranti masu tauri ne suka bi jikinsa daga kai zuwa wutsiya, bakinsa na ƙarƙashin kai, da gashin baki huɗu a gabansa da yake laluben abinci da su a ƙasan ruwa. Asalin zuriyarsa ya kai kimanin shekara miliyan 200. Ƙwansa da ake sa wa gishiri, wato kabiya, na cikin abinci mafi tsada a duniya, kuma tsadar nan ce ta jawo masa masifa. A 2022 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa ta bayyana cewa duk jinsunan da suka rage suna cikin haɗari.

Kogin Danub, wanda ya ratsa ƙasashe goma, ya taɓa ɗaukar jinsi shida. Biyu sun ɓace daga cikinsa. Uku, har da beluga babbansu, daga tekun Bahar Aswad suke haurowa su yi ƙwai, kuma a da beluga yakan wuce Budafest har ya kai Biyana. Madatsun ruwa biyu da aka gina a mashigin Ƙofar Ƙarfe, tsakanin Romaniya da Sabiya, ɗaya a 1972 ɗaya a 1984, sun toshe musu hanya. Sitalet ne ya rage a sama da madatsun, domin shi ba ya zuwa teku, a kogi yake rayuwarsa duka. Shi ma ya ragu ƙwarai, shi ya sa ake ƙyanƙyasar 'ya'yansa a gidajen kifi ana saki cikin kogin.

A nan gizo ke saƙar. A 2009 Arne Ludwig na Balin da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa a can saman Danub, wajen iyakar Jamus da Ostiriya, sitalet ya fara barbara da sitajin na Saberiya, baƙon kifi da ake kiwo a gonaki wanda ya sami hanyar shiga kogi. Ke nan duk mai sakin 'ya'yan kifi sai ya amsa tambaya biyu. Iyayen da ke cikin tankinsa sitalet ne tsantsa, ko da gauraye? Sannan namijin da macen da yake haɗawa, ba wa da ƙanwa ba ne? Ido ba ya iya amsa ko ɗaya. Sai an shiga DNA.

Na ce da malamina, “Farfesa, kuɗin da ke hannunmu zai isa mu ƙera wa kifin nan sababbin alamomi?” Ya yi murmushi, ya jawo wani tsohon fayil daga kan kanta ya ajiye a gabana. Ya ce, “Ba ƙerawa za mu yi ba, aro za mu yi. Karanta waɗannan, ka dawo ka gaya mini a gidan wa za mu fara sallama.” Bai taɓa yi mini gaggawa ba, bai kuma taɓa ba ni amsar da ya san zan iya nemo ta da kaina ba. In na kawo masa sakamako ina murna, tambayarsa ɗaya ce: me zai nuna maka cewa ba haka ba ne? Na gode, Farfesa. Allah ya ƙara girma, ya albarkaci zuriya.

Abin da ke cikin fayil ɗin shi ya kai ni ga rukuni na biyu na masu bina bashi, mutanen da ban taɓa gani ba, su ma ba su san da ni ba.

Da harafi huɗu ake rubuta DNA: A, C, G da T. A wasu wurare cikin wannan dogon rubutu, wani ɗan guntu yakan yi ta maimaita kansa, misali GATA sau goma a jere a wannan kifi, sau goma sha huɗu a wancan. Kowane kifi yana gadon kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ka auna tsawon irin waɗannan gurabe masu maimaici, wato alamomin, a wurare goma ko fiye, za ka iya cewa wane ya haifi wane, wane ɗan'uwan wane ne, wane kuma baƙo ne. Amma kafin ka auna, sai ka kamo gurbin daga cikin miliyoyin haruffa. Ana yin haka da wasu gajerun guntaye biyu na DNA, kowanne mai harafi kamar ashirin, da ake kira firaima. Ɗaya ya manne a gefen dama na gurbin, ɗaya a gefen hagu, sai na'urar PCR ta yi ta kwafar abin da ke tsakaninsu har ya yi yawan da za a iya gani. Wahalar ita ce sanin haruffan da ke gefen nan biyu. A shekarun 1990 gano su aikin watanni ne, mai cin kuɗi da haƙuri. Da zarar wani ya gano ya buga a mujalla kuwa, kowa na iya aika jerin haruffan ga kamfani a haɗa masa a kan kuɗi kaɗan.

To, me zai sa firaimar kifin Amurka ta yi aiki a kifin Danub? Kamar gidajen 'yan'uwa ne da kakansu ya sa maƙeri ɗaya ya yi musu kwado: mabuɗin wannan gida yakan buɗe wancan, muddin ba a canza kwadon ba. Shi kuwa sitajin ba mai saurin canzawa ba ne. Binciken da ya karanta DNA ɗin sitalet gaba ɗaya, wanda aka buga a 2020, ya tabbatar da cewa rubutun gadonsa na sauyawa a hankali ƙwarai in an gwada da na yawancin kifaye. Tsakiyar gurbin na ƙaruwa tana raguwa, gefunan kuwa sun daɗe a yadda suke, ko da jinsunan sun rabu tun miliyoyin shekaru.

Saboda haka ina miƙa godiya ga Bernie May da abokan aikinsa, waɗanda a 1997 suka fitar da alamomi 11 daga sitajin na manyan tafkunan Amurka ta Arewa. Ba su tsaya kan kifinsu ba, sun gwada su a wasu jinsunan, suka rubuta wanda ya yi da wanda bai yi ba. Lambobin da suka ba su, irin su LS-19 da LS-68, har yau suna rubuce a jikin kwalabe a ɗakunan bincike da yawa, ni ma na rubuta su da hannuna. Ina godiya ga Eve McQuown da nata abokan aikin, da suka ƙaro wasu masu yawa a 2000 daga wani ƙaramin sitajin mai faffaɗan hanci na kogunan Misisifi da Misuri. Ina godiya ga Tim King da mutanensa na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da suka fitar da nasu a 2001 daga sitajin na tekun Atlantika. Duk cikinsu babu wanda ya ɓoye jerin haruffansa a aljihu. Da sun ɓoye, da ɗalibi mai ƙaramin kasafi irina bai ko fara ba. Allah ya saka musu da alheri.

Aro kuwa yana da ladabinsa, kuma wadda ta koya mini shi ita ce ma'aikaciyar ɗakin bincikenmu, wata dattijuwa da ta daɗe tana wannan aiki. Ba ta da digirin digirgir, amma farfesoshi ma sai sun tambaye ta. Malama nake kiranta, ta kuma karɓi sunan.

Ranar da firaimomin suka iso cikin 'yan ƙananan kwalabe, kowace da ɗan busasshen abu a gindinta da ƙyar ido ke gani, ba ta bar ni na taɓa samfurin bincike ko ɗaya ba. Ta ce, “Don alama ta yi aiki a Amurka ba shi ne ta yi a nan ba. Sai mun gani da idonmu.” Na'urar PCR zafi take juyawa: ta hau wajen digiri 94 don zaren DNA biyu su rabu, ta sauko don firaima ta manne, ta koma 72 don a yi kwafi, haka sau talatin da wani abu. Zafin tsakiyar nan shi ne sirrin. In ya yi yawa, firaimar aro ba za ta kama ba, domin mannewarta ba ta kai ta mai gida ƙarfi ba. In ya yi kaɗan, sai ta kama inda ba a aike ta ba. Sai Malama ta ɗauki DNA na kifi ɗaya ta rarraba a jerin ƙananan bututu, ta saita na'urar yadda kowane layi zai sami nasa zafin, daga 50 har 60. Da aka gama muka zuba a jel, muka ba shi wuta, muka kai ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske. A gefen sanyi layuka ne birjik, sun cakuɗe. A gefen zafi babu komai, baƙi ƙirin. A tsakiya sai ga layi biyu tsaf. Ta sa ɗan yatsa a kan gilashin ta ce, “Nan. Rubuta.”

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, tana duba wani ƙaramin littafi nata da ya sha jiki, inda ta rubuta halin kowace alama da ta taɓa gwadawa. Wasu ba su ba da komai ba ko yaya aka lallaɓa su. Wasu sun kama, amma tsawo ɗaya suka nuna a kowane kifi, wato ba su iya bambanta kowa da kowa, muka ajiye su. Wasu sun fito da layi uku ko huɗu a kifin da ya kamata ya nuna biyu, saboda a can baya cikin tarihin dangin sitajin DNA ɗinsu ya ninka kansa, kuma wasu gurabe har yanzu suna da tagwaye. Waɗanda suka tsallake duk wannan tankaɗe su muka riƙe.

Ko cikin waɗanda muka riƙe ɗin, akwai wadda ta so ta haɗa mu da rigima. Ta nuna cewa wasu 'ya'yan kifi ba su gaji komai daga ubansu ba, alhali sauran alamomin duk sun ce shi ne uban. Malama ta dubi hoton ta daɗe, sannan ta ce, “Kafin mu zargi kifi, je ka tambayi mai gidan kifin.”

Wannan ya kawo ni ga dattijon da ke kula da gidan ƙyanƙyasa. Ba ya jin Turanci sosai, ni kuma Hangariyancina bai wuce gaisuwa da lambobi ba, amma mun yi aiki tare lafiya lau da hannu da ido. Wajen watan Afrilu, lokacin da sitalet ke shirin ƙwai, ruwan tankunan yana da sanyin da ke sa yatsu su ƙage. Da ya ga yadda nake fama, sai ya cire safar hannunsa ta roba ya miƙo mini, shi ya ci gaba da hannu tsirara. Yakan ɗauko kifi da taru, ya kwantar a kan jiƙaƙƙen tsumma, ya rufe masa ido da wani, kifin ya natsu. Sai ya goga wata 'yar na'ura a bayansa, lambar ɗan mitsitsin guntun lantarki da aka sa masa a ƙarƙashin fata ta fito. Ni kuma in yanki ɗan ƙanƙanin gefen fiffike da almakashi, in jefa cikin kwalbar itanol, in rubuta lambar. Kafin in rufe kwalbar ya riga ya mayar da kifin ruwa. Ban taɓa ganin kifi ya wuce minti ɗaya ko biyu a hannunsa ba.

Ranar haɗa ƙwai na ga abin da ya warware mana rigimar. Kowace mace da nata kwanon, kowane namiji da nasa kofin, ba ya taɓa haɗa maza biyu a kwano ɗaya. Ƙwan sitajin yana yin yauƙi da zarar ya taɓa ruwa, ya manne da juna, don haka sai ya zuba ruwan laka mai laushi ya yi ta juyawa a hankali da gashin tsuntsu, kusan awa guda, ba ya magana da kowa. Bayan nan kowane kwano ya tafi tulunsa na gilashi mai lamba. Duk wannan yana rubuce a wani babban littafi da fensir: lambar uwa, lambar uba, rana, zafin ruwa, lambar tulu. Da na nuna masa lambobin 'ya'yan da ake shakka a kansu, ya buɗe shafin ya ɗora yatsa kan sunan uban, ya dube ni ya girgiza kai, alamar babu wata tantama.

Littafinsa ne ya yi gaskiya. Da muka laluba DNA ɗin sitalet da aka buga, muka nemo wurin da firaimar ke mannewa, sai ga harafin da ya saɓa da na kifin Amurka. A wasu kifayen firaimar ba ta kama kwafin uba sam, sai na uwa kaɗai ke fitowa, a ga kamar uban bai ba da komai ba. Masana sun daɗe da sanin wannan matsala, kuma ta fi yawa a alamomin aro. Kayan aro ba ya rufe katara. Muka cire alamar daga lissafi. Ba don fensirin dattijon nan ba, da na'ura mai tsadar miliyoyi ta ɓata wa kifi suna, ta sa an raba iyali na gaskiya. Baba, na gode. Malama, na gode. Allah ya ba ku lafiya da tsawon kwana.

Akwai kuma wani mai gonar kifi da ke kiwon sitajin na Saberiya don kabiya. Ba shi da wata riba a bincikena, hasali ma irin kifinsa ne ake zargi da shiga kogi. Duk da haka ya buɗe mini ƙofa, ya bar ni na yanki fiffiken kifayensa, domin ba za ka gane gauraye ba sai ka san yadda kowane ɓangare yake shi kaɗai. A nan ma aikin wasu ne ya haska mini hanya. Tun 2001 Ludwig da abokan aikinsa suka yi amfani da irin waɗannan alamomi na aro a jinsuna da dama, suka nuna yadda yawan layukan ke tafiya da yawan kuromosom. Sitalet yana da kimanin 120, yakan nuna layi biyu. Na Saberiya yana da kimanin 240, yakan nuna har huɗu. Ɗan da suka haifa tare yana faɗowa tsakani, yakan nuna har uku, kuma galibi ba ya haihuwa. Ke nan duk macen sitalet da ta haɗu da baƙon namiji ta yi asarar ƙwanta na wannan shekara. Akwai wani gwajin da ya fi sauƙi, na DNA ɗin da ake gado ta wajen uwa kaɗai, amma shi ba ya cewa komai game da uba. Alamomin maimaici ne ke ba da labarin ɓangare biyu. Allah ya yi wa gonarsa albarka.

Abin da ya fi faranta mini rai cikin duk wannan tafiya shi ne ganin kifina ma ya ba da nasa aron. Namijin sitajin da macen kama ɗaya suke a ido. Mai gona yakan yi shekaru yana ciyar da su duka kafin ya iya bambancewa da na'urar hoton ciki ko da ɗan tsaga ciki, alhali ƙwai yake nema. Masu kare kifin kogi su ma suna son sanin yawan matan da suka rage. An daɗe ana neman alamar da za ta bambanta su ba a samu ba. A 2021 Heiner Kuhl da Matthias Stöck da abokan aikinsu a Balin suka gano wani yanki na DNA da mace kaɗai ke da shi, kuma a jikin sitalet suka fara gano shi. Suka ƙera masa firaima mai suna AllWSex2, suka gwada ta yi aiki a jinsi shida, har da beluga da na Saberiya da na Atlantika, abin da ya nuna yankin ya kai kimanin shekara miliyan 180. A cikin shekarar nan, masu bincike a jihar Mishigan ta Amurka suka gwada ta a sitajin na manyan tafkuna, ta yi. Wato kifin da ya ba Turai aron alamomi a 1997, shi ne ya karɓi aro daga sitalet bayan shekara 24. Ni ma na amfana da ita: daga guntun fiffiken da ke cikin kwalabena na san maza da matan da ba su ko balaga ba. Ina gode musu su ma.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan duk wasan ɗakin bincike ne. Tun 1996 Rob DeSalle da Vadim Birstein a birnin New York suka nuna cewa da PCR ana iya gane jinsin kifi daga ƙwan kabiya. Daga 1998 duk jinsunan sitajin suka shiga ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin halittu tsakanin ƙasashe. Romaniya ta hana kamun sitajin na kogi tun 2006. Amma doka ba ta da ƙarfi sai da hujja, hujjar kuwa tana cikin DNA. Wani bincike da aka buga a 2023 ya gwada samfuri 149 na kabiya da naman sitajin daga Bulgeriya, Romaniya, Sabiya da Yukren, ya tarar kashi 21 cikin ɗari daga kifin kogi suke, ba na gona ba. Wasu kwanukan miyar sitajin da aka sayar a Romaniya ma babu sitajin a cikinsu sam. An sami wani kifin Turai mai gashin baki a ciki, an kuma sami giwan ruwa, namu na Afirka. Da na ba abokaina wannan labari mun yi dariya, amma dariyar ba ta hana mu ganin cewa kasuwar da ke sayar da jabu kasuwa ce da ke da masu neman na gaske.

Ina godiya ga 'yan'uwana ɗalibai na ƙasashe dabam-dabam da muka yi zaman ɗakin bincike tare. Wani ya bar mini layinsa a kan na'ura lokacin da wa'adina ya matso. Wata ta zauna da ni ta koya mini manhajar lissafin dangantaka har na iya. Akwai wanda yakan tsaya ya kula mini da jel in lokacin salla ya yi, ba tare da na roƙa ba. Sun san kansu, kuma ban manta ba. Ina godiya ga hukumar da ta ɗauki nauyin karatuna, da ma'aikatan ɗakin karatu da suka nemo mini tsofaffin mujallun da ba su kan intanet.

Sai iyayena, waɗanda babu kalmar da za ta biya su. Mahaifiyata ba ta taɓa ganin sitajin ba, kuma duk wayar da muka yi sai ta tsokane ni: “Wai har yanzu kifin nan ne bai sake ka ba?” In ce, “Inna, saura kaɗan.” Ta ce, “To, Allah ya yi albarka, ya sa ka gama lafiya.” Da wannan addu'a na yi ta tafiya. Mahaifina shi ya fara koya mini cewa abin da aka ara ana mayar da shi da kyau fiye da yadda aka karɓa. Matata ta riƙe gida da yara ita kaɗai tsawon rashina, ba ta taɓa bari na ji nauyin a muryarta ba. 'Yan'uwana maza da mata sun rufa mini asiri a duk hidimar dangi da ban halarta ba. Allah ya bar zumunci.

Mutanen da suka ba ni aro ba sa jiran in mayar musu, yawancinsu ma ba za su taɓa karanta wannan ba. Hanyar biya ɗaya ce, in ba na baya. Don haka na sa duk abin da na samu a rumbun bayanai na intanet inda kowa zai ɗauka kyauta, kuma ban sa waɗanda suka yi aiki kaɗai ba. Na jera alamomin da suka ƙi kamawa, da waɗanda suka nuna tsawo ɗaya, da wadda ta ɓoye kwafin uba, kowace da zafin da aka gwada ta. Irin wannan bayani ba kasafai ake buga shi ba, alhali shi ne ke hana ɗalibi na gaba ɓarnar kuɗi da wata guda na rayuwarsa.

A gida ma tambayar na jiranmu. Masu gonakin kifi a Nijeriya sun daɗe suna haɗa tarwaɗa da ramboshi don samun kifi mai saurin girma, kuma ambaliya ba ta tambayar izini kafin ta kwashe tafkin gona zuwa kogi. Tun 1996 wasu masu bincike a Beljiyam suka ƙera wa tarwaɗa alamomi irin waɗannan, suna nan a buɗe ga mai so. Duk ɗalibin da ke son gwada su a kifayen kogunanmu, ƙofata a buɗe take, kuma abin da Malama ta koya mini zan koya masa ba tare da ragi ba: ya fara da iyalin da aka san uwa da uba, ya gwada zafi layi-layi, ya rubuta har abin da bai yi ba.